Masu aikin notari na zagaye a Amurka, ya kuke yi da sa hannu cikin korona da wannan sanyin?

Ɗan_Columbus ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suke wannan sana'ar tamu ta notari, wato masu shaida sa hannu a takarda su buga hatimi, a nan Amurka, musamman masu zagaye gida gida, ko duk wanda ya san kan abin.

Ni a Columbus nake, jihar Ohio, shekarata uku kenan da karɓar hatimi. Ga waɗanda basu san aikin ba, kamfanin taitil, wato kamfanin da yake kula da takardun mallakar gida, shi ne yake turo min takardun bashin gida ta imel, in buga su a firinta ta, wani lokacin shafi 150 ko sama da haka kuma kofi biyu, ɗaya na mai gida ɗaya na banki, in ɗauka in je har gidan mutum in duba katin shaidarsa in tabbatar shi ne, ya sa hannu ina kallo, in buga hatimi inda ake buƙata, sannan in ruga in kai wa masu aika saƙo kafin su rufe. Tunda kuɗin ruwa ya faɗo a 2020, a watan Yuli ma sai da bashin shekara 30 ya sauka ƙasa da kashi 3 cikin ɗari, kowa sabunta bashin gidansa yake, aiki ya yi yawa har mutum ya rasa lokacin cin abinci. Alhamdulillah ba ƙorafi nake akan wannan ba.

Da zafi abin da sauƙi. Ina da wani ɗan tebur mai naɗewa a but, in kafa shi a baranda ko bakin gareji, in ajiye takardu in ja baya ƙafa shida, kowa da takunkuminsa, biro sabo nake bawa kowa ya riƙe abinsa kada ya dawo min dashi. Amma yanzu Disambar 2020 ta shigo, ƙarfe biyar ta yi duhu ya rufa, biro yana daskarewa a tsakiyar sa hannu, tawadar hatimi tana fitowa dishi-dishi, kuma in hatimi bai fito ba ofishin rajistar filaye na iya dawo da takardar. Yatsun mutum kuwa kafin a kai shafi na 40 sun ƙage.

To abinda ya sa na yi wannan rubutun shine abinda ya faru dani ran Talata. An tura ni gidan wani dattijo, zai kai shekara 80, tafiyar minti 40 daga wajena. Ɗansa ne ya tare ni a ƙofa, yace babansa yana sama akan na'urar numfashi, ba zai sauko ba kuma ni ba zan shiga ba, wai in bashi takardun ya hau dasu baban ya sa hannu ya sauko min dasu, ga ma lasisin tuƙin baban nan ya miƙo min. Nace masa ba zai yiwu ba sai na ga mai sa hannun da idona. Yace to in koma mota ya kira ni ta bidiyo a FaceTime in gan shi. Nace shima ba zai yiwu ba. Wallahi mutumin nan har idonsa ya kawo ruwa, yace wa'adin farashin kuɗin ruwa da banki ya riƙe musu ran Juma'a zai ƙare, kuma kuɗin da za su rage duk wata shine na maganin baban. Na tausaya masa sosai, kuma ban ga alamar mugun nufi a tare dashi ba, tsoro ne kawai yake ji kada wani ya kawo wa tsohonsa ciwo, nima da nawa uban ne haka zan ji. Amma na tattara takarduna na tafi. Da na kira kamfanin da suka turo ni sai matar da ta ɗauka tace min ai wasu notari suna yin hakan ba tare da surutu ba. Ba kuɗin aiki, ba na mai, ba na takarda, kuma tun ranar basu sake turo min ko aiki ɗaya ba.

Shin daidai na yi ko na tsaurara da yawa? Kuma wannan sa hannun ta taga da ake ta magana, inda mai sa hannu yana cikin gida notari yana waje yana kallonsa ta gilashi, ya kuke yinsa a aikace? Sannan maganar takunkumi, kuna sa mutum ya sauke ku ga fuskarsa ko ido da goshi sun isa? Abin yana damuna, kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

---

Maman_Hanifa ta rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Daidai ka yi, kada ka ƙara sa wa ranka damuwa akan wannan. Ni a Sacramento nake, shekara bakwai ina yi. Hatimin nan da kake bugawa cewa yake mutumin ya bayyana a gabanka, to in ɗansa ne ya hau bene da takarda ya sauko, waye ya bayyana a gabanka? Ɗan ne. Ranar da magana ta tashi a kotu matar nan ta waya ba sunanta bane a jikin takardar, naka ne.

Mu nan Kalifoniya ma namu ya fi naku tsauri, a 2020 ba'a yarda notari ɗinmu ya yi ta bidiyo ba sam, kuma doka ta ce in takardar jinginar gida ce ko ta mallakar gida ko ta wakilci, dole mutum ya dangwala babban yatsansa a littafin rajistata. Kaga ba yadda za'a yi littafin bai je hannunsa ba. Abinda nake yi shine in rufe sauran layukan da kwali saboda sirrin mutane, in ajiye littafin akan tebur in ja baya, ya matso ya sa hannu ya dangwala ya koma, sannan ni in matso. Kamar rawa, ka matso na ja, na matso ka ja, haka har a gama.

Ta taga kuwa na yi ya fi a ƙirga. Sharaɗina uku ne kuma ina faɗa tun a waya kafin in taso. Dole in ga hannunsa da takardar da fuskarsa a lokaci ɗaya, ba in ga kai kawai hannu yana can ƙasa ba. Dole mu ji juna, in gilashin mai kauri ne sai in kira wayarsa ya sa a sifika muna kallon juna. Katin shaida kuma bana yarda a manna min shi a gilashi, a miƙo min ta ƙofa in riƙe shi a hannuna in juya bayansa in karkata shi a haske, dan katin bogi ta bayan gilashi yafi na gaske kyau. Takunkumi kuma eh a sauke, ina ja baya sosai ince dan Allah sauke min na ɗan lokaci, daƙiƙa biyar ta isa, ba wanda ya taɓa ƙi. Ni dama tun kafin korona 'yan uwa masu niƙabi ni suke nema saboda mace ce, mu keɓe su ɗaga in gani, to wannan ba sabon abu bane a wajena.

Amma bari in faɗa maka abinda ya fi bani tsoro a wannan tazarar, ba ma cutar bace. A watan Agusta an kira ni gidan wata tsohuwa, takardar wakilci ce akan duk dukiyarta. Tana zaune a bayan taga, 'yarta tana tsaye a bayan kujerarta ta dafa mata kafaɗa. Duk tambayar da na yi 'yar ce take amsawa, tsohuwar sai dai ta gyaɗa kai, ga takunkumi ya rufe rabin fuska bana ganin bakinta balle in karanci yanayinta. Da a cikin falo muke da tuni na gane, dan in kana zaune kusa da mutum kana jin numfashinsa kana ganin inda idonsa yake zuwa. Sai nace wa 'yar dan Allah ta ɗan fita daga ɗakin ta rufo ƙofa. Ta ɓata rai amma ta fita. Na tambayi tsohuwar, Mama wannan takardar ta mecece? Tace min ta asibiti ce, an ce in ta sa hannu za'a bar 'yarta ta riƙa karɓo mata magani. Na ce mata a'a, ga abinda aka rubuta a saman takardar, na karanta mata kan kawai. Ta yi shiru ta ajiye biron. Ban buga hatimi ba, na rubuta a littafina dalilin da ya sa na ƙi, na tafi jikina yana rawa har na isa mota.

Bance ɗan dattijon naka haka yake ba, wataƙila mutumin kirki ne ɗari bisa ɗari. Amma kai daga ƙasan bene ta ina za ka sani?

---

Barista_KD ya rubuta:

Salam. Ni ba a Amurka nake ba, lauya ne a Kaduna, amma na karanta da sha'awa dan abin ya shafe mu ta wata hanya. Da farko na yi mamaki da naji ba sai kana lauya ba kake zama notari a can, mu nan sai lauya, kuma Alƙalin Alƙalan Najeriya ne yake naɗawa, kuma mutane ne suke zuwa ofis su same shi, talaka ma yawanci kotu yake zuwa ya yi rantsuwarsa gaban kwamishinan rantsuwa. Lokacin kulle da aka dakatar da zaman kotuna a ƙarshen Maris 2020 abubuwa da yawa tsayawa kawai suka yi.

Inda ya shafe mu shine takardun wakilci da 'yan uwa na waje suke aikowa, mutum yana Amurka ko Ingila yana so ƙaninsa ya sayar masa da fili a Rigasa ko Kano ko ya karɓar masa rabon gado. Ni da takardar ta iso teburina ban ga mai sa hannun ba, ban san fuskarsa ba, abinda na dogara dashi kawai hatimin wani irinka ne a can wata jiha da ban taɓa zuwa ba. In kuka fara buga hatimi akan abinda baku gani ba, wallahi a nan ne wani zai rasa filinsa. Saboda haka ni ina bayanka, gani ya kori ji.

Sai dai ina da tambaya ɗaya kuma dan Allah kada ka ɗauke ta a matsayin suka. Naji kana ta ambaton kuɗin ruwa. Ka san hadisin da ya ambaci mai cin riba da mai bayarwa da marubucinta da shaidunta biyu. Ka taɓa zama da wani malami akan matsayin aikin nan kuwa? Ni ba malami bane kuma mu ma lauyoyi muna fama da wannan tambayar duk ranar da banki ya kawo mana aiki, shi yasa na tambaya.

---

Alhaji_Bronx ya rubuta:

Yaro Allah ya yi maka albarka, ka riƙe amana. Hajiya Maman_Hanifa ta gama magana akan taga, ni bari in taɓo maganar FaceTime ɗin nan dan mutane suna ruɗewa a kai sosai, suna ji a labarai an ce an halatta notari ta bidiyo sai su ɗauka kowa ma zai ɗaga waya kawai.

Mu nan New York gwamnan lokacin, Cuomo, ya fitar da umarni mai lamba 202.7 ranar 19 ga Maris 2020, ya bada dama a yi ta bidiyo na wucin gadi. Amma da sharuɗɗansa, dole ya zama kai tsaye muna magana ba naɗaɗɗen bidiyo ba, ya nuna min katinsa mai hoto a cikin kiran, ya furta cewa yana cikin jihar New York a lokacin, kuma ya turo min kofin abinda ya sa wa hannu a ranar ta faks ko imel, ni in buga hatimi in mayar masa. Wannan namu ne, bai shafe ka ba. Ku a Ohio kuna da dokar notari ta intanet tun Satumbar 2019, amma sai ka nemi izini na daban daga ofishin sakataren jiha, ka yi kwas ɗinsa, ka yi rajista da manhajar da take naɗar zaman tana adanawa, sannan kuma shi bankin ya yarda a rufe bashinsa ta haka, da yawansu har yanzu tawada akan takarda suke so. Virginia ce ta fara wannan tun 2012, Texas ta bi a 2018, ba korona ce ta kawo shi ba. Ni shawarata ka nemi izinin, zai yi maka amfani ko bayan annoba.

Amma kada ka ɗauka shine maganin komai, musamman ga mutanenmu. Manhajojin nan kafin su bar mutum ya shiga sai sun yi masa tambayoyi daga tarihin bashinsa da adireshin da ya taɓa zama, tambaya biyar cikin minti biyu, sai ya ci huɗu. To ɗan'uwanmu da ya zo daga Kumasi ko Agadas shekara biyu da suka wuce, bai taɓa cin bashin banki ba, ɗaki ma da sunan wani yake haya, tambayar me na'ura za ta yi masa? Faɗuwa yake tun a ƙofa. Tsofaffi kuma minti biyun kafin su nemo tabarau ya ƙare. Ko namu na New York mai sauƙin, dattijon da ba shi da firinta ba shi da faks kuma wayarsa ta WhatsApp ce kawai, ka ce ya yi sikanin ya turo a ranar, aiki ne ja. A watan Afrilu nan Bronx jiniyar motar asibiti bata yankewa dare da rana, mutanenmu direbobin tasi da masu kula da marasa lafiya a gida duk hankali ya tashi, kowa yana so ya rubuta wakilci ko ya bar takardar wanda zai riƙe masa yara in ta Allah ta kasance. Gidajen kula da tsofaffi an hana shiga a tsakiyar Maris 2020. Akwai wanda na yi wa ta bidiyo yana kwance, ma'aikaciyar jinya ce ta riƙe masa waya, sai da nace ta juya kyamarar in ga duk ɗakin in san waye a ciki. Kwana tara bayan nan aka yi masa sallah. Dala 2 doka ta yanka mana akan kowane hatimi a jihar nan, ni a watannin nan ko ita ban karɓa ba.

Maganar sanyi kuwa ga abinda shekaru suka koya min. Biro da hatimi a aljihun ciki suke zama kusa da jiki, ba a jaka ba, ba kuma a mota su kwana ba. Ka sayi 'yan ƙunshin ɗumama hannun nan ka bawa mai sa hannu ɗaya. Tun a gida ka manna alama a duk inda za'a sa hannu ka jera takardun da suke buƙatar hatimi a sama, in sanyi ya kore ku aƙalla masu nauyin sun kammala a gabanka. Wanda yake da mota kuma ya zauna a cikin motarsa ya kunna hita, ka bashi allon dannawa, kai ka tsaya ta gefen taga kana kallo, kai kaɗai ne za ka sha sanyin. In gareji ne a bar ƙofar a buɗe kuma kada a tada mota a ciki.

Kamfanin da suka daina kiranka ka rabu dasu. Barista ya kawo hadisi, ni kuma zan tuna maka ƙarshen aya ta 282 a Baƙara inda aka ce kada a cutar da marubuci ko shaida. Kana da haƙƙin ka ce ba zan shiga gidan da ake tari ba, kuma kana da haƙƙin ka ce ba zan shaidi abinda ban gani ba.

---

Ɗan_Columbus ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, wallahi kun sauke min dutse daga ƙirji.

Barista ban ji haushi ba ko kaɗan, tambayar tana raina tun ranar da na fara. Na tambayi malamai biyu a nan, ɗaya yace in nisanci na bashin gaba ɗaya, ɗayan yace ni shaidar ko waye ya sa hannu nake ba shaidar cinikin ba amma in nemi mafita in na samu hali. Zuciyata ta fi karkata ga na farkon, shi yasa nake ƙoƙarin ƙara yawan aikin wakilci da takardun asibiti da na izinin tafiya da yara, sai dai gaskiya har yanzu na bashin ne yake biyan haya. Ku sa ni a addu'a.

Ga kuma labari. Jiya da daddare ɗan dattijon ya kira ni da kansa, ashe ya ajiye katina. Ya bada haƙuri, yace ya yi magana da banki sun ƙara musu kwanaki kuma za'a sake fitar da takardu da sabon kwanan wata, ya kuma roƙi kamfanin taitil ɗin su turo ni kai tsaye. Na faɗa masa sharuɗɗan Hajiya guda ukun nan kamar yadda ta rubuta su. Yau da azahar na je, sun sauko da baban kicin, akwai ƙofar gilashi mai zugewa ta bayan gida, aka jawo tebur har jikin gilashin, ni ina waje akan dusar ƙanƙara da tebur ɗina, waya a sifika. Lasisin aka turo min ta ƙasan ƙofa a cikin leda na duba na mayar. Na roƙi ɗan ya bamu minti biyu, ya fita ba musu. Na tambayi baban ko ya san me zai sa wa hannu, yace sabunta bashin gidansa ne da ya saya da marigayiya matarsa, har ya tambaye ni nawa zai riƙa biya a wata, na nuna masa shafin da adadin yake ta gilashi ya karanta da kansa, sauran tambayoyin nace ya kira jami'in bankin dan ba hurumina bane. Na nuna masa takardar da ta bashi kwana uku na fasawa in ya canza ra'ayi. Hannunsa yana rawa, yana hutawa duk bayan 'yan shafuka yana gyara robar hancinsa, awa ɗaya da minti 20 muka ɗauka. Baba Alhaji, hatimin a aljihun ciki na ajiye shi kuma ya fito raɗau duk guda shidan.

Na buɗe shafin sakataren jiha zan fara cike neman izinin intanet ɗin a satin nan. Hajiya tambaya ɗaya ta rage, takardun da suka fito daga gidan mara lafiya kina barinsu su kwana a ambulan kafin ki duba ko nan take kike bi shafi shafi? Dan ni dole in duba kafin in bar ƙofar gidan ko an tsallake wani layi, yau da safar hannu na yi amma takarda bata juyuwa da ita sai da na cire.